Kafin Gulbi Ya Janye

Tudun Marke, ƙasar Sabon Birni
Lahadi, cikin Satumba

Aikin farko na yau: duba gulbi. Ruwa ya kai wuyan Kalilu mai fito.

Zuwa ga ƙanena Sammani, a Ikko.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma sana'ar kifi tana tafiya. Inna tana gaishe ka, iyalina Saude ma haka, da ɗiyata Ni'ima da ƙannenta. Kada layin da ke sama ya ba ka mamaki. Ka san halina, ban iya fara rubutu sai na sa aikin farko na ranar.

Tun da anka yanke sabis ɗin waya a ƙasar ga ba mu ji muryarka ba. Za ni aika takardar nan Isa wurin yayarka Fatimatu, ta ba mijinta Yari in zai sauka Ikko da albasa. In ka amsa, ka ba shi.

Ranar Alhamis da hantsi munka ji babura a tsallaken gulbi. Mutanen daji ne sunka faɗa wa Gidan Amiru. Mu muna gaɓarmu a tsaye, muna kallo, babu abin da za mu iya. Sunka fara da rumbuna. Da hayaƙi ya tashi, mutane sunka yo gulbi a guje, masu iyo sunka faɗa, marasa iyo ma sunka faɗa. Kalilu ya yi ta kai da komo da jirginsa, harsashi na faɗawa cikin ruwa gaba da bayansa. Wata mata ta shigo da goyo har ƙirji, anka harbe ta daga gaɓa. Zanenta na gani ya taso, ita ban gan ta ba. Abdulgani wanzami, wanda ya yi mana kaciya ni da kai, sunka jawo shi bakin ruwa, sunka durƙusar da shi bisa rairayi yana fuskantar mu, sunka yanka shi. Sun zaɓi wurin ne don mu gani, kuma mun gani.

Bayan sun gama, wani mai jan rawani ya sa hannu a baki ya ƙwala mana kira: “Mutanen Marke! Ku ci tuwonku da kyau! In ruwa ya janye muna nan tafe!”

Ka san ba mu da ganuwa, ba mu da soja. Gulbin ga shi ne duk abin da ke tsakaninmu da su, don babur ba ya ƙetara shi yana cike. Shi ya sa kowace safiya nake zuwa mashigi, Kalilu ya shiga da gorarsa ya tsaya, ni kuma in duba inda ruwa ya kai masa in rubuta. Damina ta kusa ɗaukewa. Daga nan ruwa ƙasa zai yi ta yi.

Na amince da abin da ka daɗe kana faɗi. Za mu zo, ni da Inna da Saude da yara. Makarantar da nake koyarwa an rufe ta, gero mun girbe abin da munka samu.

A magana ta ƙarshe da munka yi ka ce akwai unguwa biyu a bakin teku inda za a samu ɗaki, tun da kai a shago kake kwana da 'yan uwanka maza. Ban riƙe bayanin ba, lokacin hankalina ba ya wurin. Ka rubuto mini su dalla-dalla: ta ina ake shiga kowace, ta ina ake fita, su wa ke zaune a ciki, mi ke bayan gidajen. Ba ni son in kwashi tsohuwa da yara in kai su inda ban sani ba. Wataƙila na cika bincike, amma gara in tambaya.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Abdurra'uf

*

Ikko
Juma'a

Yaya Malam,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da ban girma. Ka durƙusa ka gaishe mini da Inna, ka ce mata autanta ya yi ƙiba har wandon Salla ya ƙi shiga. Ina gaida Saude da yara.

Na karanta takardarka a gindin motar Yari, ban san sadda na zauna bisa buhun albasa ba. Allah ya jiƙan Abdulgani. Ni da nake tsine masa tun ina yaro saboda askarsa, yau ga ni ina kuka a kansa cikin kasuwa, Yarabawa na kallona.

To ga unguwannin, tun da sai an yi maka darasi.

Ta farko mutanenmu na ce mata Kwakwa, can wajen Badagiri. Teku na gabanta, babban titi na bayanta. Rabin unguwar Gobirawa ne da Zabarmawa, in ka rufe ido ka ji hira sai ka rantse kasuwar Bafarawa kake. Akwai masallacin Juma'a, akwai makarantar allo da ta boko, kai kanka ba za ka rasa ajin koyarwa ba. Ana sayar da fura ta gaske. Aibinta hayaniya. Yaranmu duk kabu-kabu suke yi, tun asuba babura ke kuka har dare. Wani lokaci su yi rigima da 'yan tasha, a fasa kwalabe, a rufe shaguna, washegari kowa ya buɗe.

Ta biyu muna ce mata Tsallake. Wani dogon rairayi ne, teku a gaba, wani faffaɗan ruwa da suke kira lagun a baya. Ba titi, ba gada, ba mota, ba babur. Sai a jirgi ake zuwa. Masunta ne ke zaune, Egun ake ce musu, a wurinsu nake sarin kifi. Hausawa ba su fi gida kaɗan ba, masallacinsu na kara ne. Makaranta sai yara sun shiga jirgi. Gishiri na cin kwanon rufi, sauro kuma kamar an aiko shi. Amma shiru, Yaya. In ba kukan teku ba, ba ka jin komai.

Kowace akwai ciki da falo da na gani, masu gidajen sun ce za su jira ni kaɗan, ba da yawa ba. Ni in ka tambaye ni, duk wadda ka nuna da yatsa ta yi. Ko a kan tulin shara na ajiye ku a nan, ya fi mashigin Marke.

Yari ya ce duk sadda kunka shirya, ku iso Isa. Inna da Saude su shiga gaba, kai da yara bisa kaya. Kada ka tsaya auna ruwa kamar mai sayar da manja. Ka rubuto kalma guda, Kwakwa ko Tsallake, ko ma ka taho da ita a bakinka.

Sai na gan ku.

Ƙanenka,
Sammani

*

Tudun Marke
Talata, cikin Oktoba

Aikin farko na yau: duba gulbi. Ruwa a ƙirjin Kalilu, ƙasa da inda yake makon jiya.

Sammani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, takardarka ta iso. Na karanta wa Inna da Saude ita, Inna ta sa na maimaita wurin wandon.

Ga abin da ya faru tun bayan nan. Mutanen daji sun dawo gaɓar tsallake, sunka kira Kalilu da sunansa, sunka ce ya kawo jirgi ya ɗauke su, za su bar gidansa. Da ya ƙi, sunka buɗe wuta. Harsashi ya fasa cinyar wata mata da ke wanki, ya kashe jakin liman. Da yamma anka taru, anka ce jiragen nan in sun kwana a ruwa wata rana da su za a shigo mana. Kalilu bai bari kowa ya taɓa nasa ba. Shi ya ɗauki gatari da kansa. Jirgin da ya gada wurin ubansa, Sammani. Yana sara yana cewa, “Yi haƙuri, tsoho, yi haƙuri.” Ban san da jirgin yake ba ko da uban.

Yanzu batun unguwa. Gidan ya rabu biyu, ni ina tsakiya.

Inna ba ta tambayi fura ba, ba ta tambayi masallaci ba. Cewa ta yi, “Tambayo mini shi, ina suke kai matattunsu?” Na ce ban sani ba. Ta ce, “Wurin da ka ce rairayi na bisa ruwa, in an gina kabari ruwa za a iske. Ni ba kifi ba ce. Ba ni tafiya inda za a sa gawata jirgi a yi ta yawo da ita.” Saboda haka ka binciko: akwai maƙabartar Musulmi a Tsallake? A Kwakwa fa?

Saude kuwa tun da ta ji “ba babur” ba ta ƙara jin sauran ba. Dalilinta Ni'ima. Yarinyar ta shiga shekara ta tara, amma tun ranar Gidan Amiru ba ta da lafiyar kunne. Shekaranjiya mai injin niƙa ya tada injinsa, ta yar da tulu ta ruga cikin karan dawa. Sai bayan la'asar munka same ta a kwance cikin kunyar gona, ta cusa yatsu a kunne, ta jiƙa zanenta. Saude ta ce mini, “Malam, ka kai ta inda babura ke kuka tun asuba, ka kai ta ka kashe ke nan.”

Ni kuma ga tawa tambaya, kuma kada ka yi dariya. Na san teku ba ya ƙafewa, an koya mana a sakandare. Amma wanda ke bayan Tsallake ka ce ba teku ba ne, lagun ne. Shi in rani ya yi yana janyewa? Yana da mashigi? Don in yana janyewa, to mun baro Marke mun koma wata Marke, kuma a can bayanmu teku ne, babu karan dawa da za a shiga. Kwakwa aƙalla tana da titi. Amma titin da za ka fita ta kansa, ta kansa ake shigo maka. Na juya abin nan har kaina ya yi zafi.

Yari ya aiko cewa zai sauka makon ga. Na ce ya tafi, ma bi na gaba. Ruwa a ƙirji yake, akwai sauran lokaci, in ban yi kuskure ba.

Ka huta lafiya.

Yayanka,
Abdurra'uf

*

Ikko
Laraba

Yaya Malam,

Salamu alaikum, ina gaida kowa da kowa.

Da na hango motar Yari na ruga ina leƙa bisa kaya, ina neman kan yara. Sai ya miƙo mini takarda. Wallahi da ba yayana kake ba da na faɗi wata magana.

Ka ce wa Inna: Kwakwa akwai maƙabarta, jar ƙasa mai kyau, har da itatuwa. Tsallake babu, a jirgi suke ƙetarowa da mamaci su kawo Kwakwa ɗin. Amma ka ce mata ni ban kira ta Ikko don ta mutu ba, ta bar zancen ga.

Tambayarka kuwa na kai ta wurin Baba Sewanu, tsohon da nake sarin kifi wurinsa. Na ce yayana malamin makaranta na tambaya ko da rani ana ƙetara lagun da babur. Ya sa na sake faɗi. Sannan ya kira matansa da 'ya'yansa ya ce in ƙara faɗi. Dariya har ya saki taru. Yanzu duk unguwar in sun gan ni sai su riƙa murɗa hannu suna “buuun, buuun” suna nuna ruwa. Ka ja mini.

Amsarsa ita ce, ruwansu bai san rani ba, bai san damina ba. Abin da yake yi kawai, kullum yana janyewa ya dawo, safe da yamma, shi da tekun duka. In ya janye har yara na tsintar ƙaguwa a inda ya bari. Haka Allah ya yi shi.

To ka ji. Yanzu mi ya rage? Mai ɗakin Kwakwa ya fara yi mini kallon maƙaryaci. Ku taho, don girman Allah.

Naka,
Sammani

*

Tudun Marke
Asabar, farkon Nuwamba

Aikin farko na yau: duba gulbi. Ruwa a ƙugun Kalilu.

Sammani,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, muna gaishe ka.

Na riga na gaya wa Saude Tsallake za mu, na fara lallashin Inna, har ta ce in dai kai za ka riƙe mata kai a cikin jirgin, ta ji. Mun ɗaure tabarmi. Sai takardarka ta zo, na kai wurin da ka ce ruwan yana janyewa kullum.

Ka daɗe a Kurmi, wataƙila ka manta abin da kalmar ga take nufi a nan. Tun ranar Gidan Amiru babu mai furta ta a garin ga. Mata in za su ce ruwa ya ragu sai su ce “ya yi halinsa”. Namu sau ɗaya yake janyewa a shekara, ga yadda muke. Kai kuma kana ce mini in kai su inda yake janyewa safe da yamma.

Na tuna an koya mana wani abu kamar haka, wai wata ne ke jan ruwa. Na rubuta a jarrabawa na ci, amma ban taɓa ganin ruwan ba. Ya janye zuwa ina? In yara na tafiya a inda ya bari, mi zai hana babur? Ka yi mini abu guda, shi ne na ƙarshe. Ka samu gora, ka shiga tsakiyar lagun ɗin lokacin da ya fi janyewa, ka auna, ka gaya mini inda ya kai maka.

Na san za ka ji haushi. Saude ma ba ta yi mini magana tun jiya. Yari ya sake tafiya ba mu. Kalilu ya ce babur ba ya shiga ruwa sai ya sauka ƙasa da gwiwa, in ba haka ba injin ya sha ruwa ya mutu. Daga ƙugu zuwa gwiwa akwai tazara. Amsarka za ta iso kafin ruwa ya kai nan.

Ka yi haƙuri da ni.

Yayanka,
Abdurra'uf

*

Ikko
Alhamis

Yaya,

Salamu alaikum.

Na yi abin da ka ce. Na bar kifina a rana, Baba Sewanu ya kai ni tsakiyar lagun lokacin da ruwa ya gama janyewa. Ya ba ni gorar tuƙinsa, wadda ta yi tsawon mutum uku. Na zura ta duka, na bi ta da hannu har kafaɗa. Ban taɓa ƙasa ba. Tsohon bai yi dariya ba wannan karon, don na ba shi labarin Abdulgani a hanya. Ya ce in gaya maka jiragen yashi manya ke bi ta nan, kuma tun kakansa ba a taɓa ganin ƙasan wurin ba.

Janyewar da na ce, bakin gaɓa ne kawai, taki kaɗan. Laifina ne da ban faɗa maka haka ba. Na manta da wa nake magana.

Wasu 'yan Burkusuma sun iso jiya, sun ce ana ta jin harbi wajen gulbi. Na hau kiran lambarka kamar mahaukaci, alhali na san ba ta shiga. Kada ka amsa takardar ga. Ka kawo kanka.

Sammani

*

Isa
Litinin

Sammani ƙanena,

Assalamu alaikum. Ni ce Fatimatu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san Yari ya kira ka daga Sakkwato ya gaya maka Inna ta rasu. Ya ce ka yi ta tambayar yadda anka yi, shi kuma ya kasa. Ni za ni gaya maka, yadda Saude ta gaya mini da wanda na gani da idona. Ban iya tsara magana irin ta Yaya, ka karanta haka nan.

Ranar Laraba da safe sunka zo. Ba su jira ruwa ya kai gwiwa ba. Baburan sunka ɗauka a kafaɗa, mutum huɗu-huɗu da itace, kamar masu ɗaukar makara, sunka ratso da su ruwa a ƙugu. Wasu na gaba da bindigogi bisa kai.

Yaya na mashigi lokacin, Kalilu na cikin ruwa da gorarsa, ana awon da sunka saba. Kalilu ya fara ganin su. Bai fito ba. Ya juyo ya ce wa Yaya, “Malam, ruga ka kwashe su!” Ya tsaya a tsakiyar mashigin yana kai wa na gaba duka da gora. Ya kayar da babur guda cikin ruwa. Nan sunka harbe shi, sunka bi ta kansa.

Yaya ya iso gida yana ihu. Saude ta saɓi ƙaramin, ta ja na tsakiya. Ni'ima tun ƙarar farko ta riga kowa shiga kara. Yaya ya goya Inna. Ka san nauyinta da ciwon ƙafarta. Sun kai bayan masallaci babura sunka shigo gari. Anka harbe liman a ƙofar gidansa da buta a hannu. Anka kulle mutane cikin shagon mai niƙa anka sa wuta. Saude ta ce tana cikin kara tana jin su suna bugun ƙofa, har sunka daina.

Wani ya biyo su Yaya a kan babur ya sare shi da adda. Ya tare da hannu, yatsu biyu na hagu sun tafi. Ya faɗi da Inna. Mutumin ya wuce, ya juyo, ya yi harbi. Inna ce a sama. In ji Yaya, ta yi salati, sannan ta ce masa, “Kwanta, kada ka motsa.” Ya kwanta a ƙarƙashinta, jininta na zuba masa a wuya, har sunka gama kwasar dabbobi sunka tafi bayan azahar.

Washegari waɗanda sunka rage sunka koma sunka yi sutura. Mutanen da yawa, rami guda anka yi wa na shagon. Inna kuwa Yaya ya ce a'a. Da hannu guda ya yi ta gina, wasu sunka taimaka, anka sa ta kusa da Baba, gindin marken nan. Ta samu ƙasar da take so.

Suna nan gidana duka, da ƙafa sunka iso. An ɗinke masa hannun. Yaran ba abin da ya same su a jiki. Ni'ima in babur ya wuce ƙofar gida sai ta shige ƙarƙashin gado, kuma ka san Isa, ko an hana hawan babur ba a rasa mai wucewa.

Takardarka ta gora tana nan wurina tun ranar Talata, ban samu mai shiga Marke ba. Da ya iso na ba shi. Ya karanta, ya ninke, ya sake buɗewa. Ba ya cin abinci sai na tsaya a kansa. Kada ka rubuto masa faɗa, Sammani. Wanda yake yi wa kansa ya isa.

Allah ya jiƙan Inna, ya ba mu haƙuri.

Yayarka,
Fatimatu

*

Isa
Alhamis

Aikin farko na yau: wankin hannu a asibiti. An yi.

Sammani,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya gafarta mata, ya sa ta huta.

Tsallake.

Ka kama ɗakin. Ba ni da sauran tambaya. Wadda ta tambayi maƙabarta ta samu tata, saura mai kunne. Jiya Ni'ima ta fito daga ƙarƙashin gado ta ce mini, “Baba, can inda za mu, babur na iya iyo?” Na ce a'a. Ta ce, “Ko an ɗauke shi a kafaɗa?” Na ce Kawu Sammani ya zura gora mai tsawon mutum uku bai taɓa ƙasa ba. Ta sa na faɗi sau biyu, sannan ta ci tuwo.

Ka gode wa Baba Sewanu. Ka ce masa mai tambayar babur yana tafe, in sun so su yi dariyarsu, ba komai.

Takardar ga za ta bi wata motar albasa da ke tashi yau, mu kuma Yari zai ɗaga da mu jibi bayan sallar asuba. Za mu sauka Kwakwa, ka tarye mu da jirgi. Ka samo auduga, za mu toshe wa yarinyar kunne har mu shiga ruwa.

Sai mun iso, in Allah ya yarda.

Yayanka,
Abdurra'uf

Abin da ya rage na gobe:

Karɓo maganin hannu na hanya.
Kai wa matar Kalilu gorarsa, tana gidan ƙaninta bayan tasha. Ruwa ya kawo ta gaɓa, na ɗauko.
Raba kayan Inna da Fatimatu. Carbinta naka ne.
Neman takalmi ga ƙaramin, nasa ya ɓace cikin kara.
Roƙon wanda zai koma Marke ya sa ƙaya bisa kabarin.
Duba gulbi.

Na ƙarshen hannuna ne ya rubuta bisa sabo. Ka bar shi.